Yadda Ake Aunawa, Ɗinkawa da Ɗora Zugazugin Tsakanin Taragu

Tun da aikin layin dogo na Kano zuwa Kaduna da na Kano zuwa Maraɗi ya kankama, ɗaliban fasaha da masu walda suke ta tambayata abu ɗaya: wannan baƙar rumfa mai ninki-ninki da ke tsakanin tarago da tarago, wadda fasinja ke ratsawa jirgi na gudu, yaya ake yin ta? Ni zugazugi nake kiran ta, don da zugazugin maƙera take kama, tana buɗewa tana rufewa. Ɗan filin da ke bakin ƙofar tarago kuwa soro ne, kamar na gida. Tun 1887, lokacin da Henry Sessions ya tsara wa kamfanin Pullman na Amurka rufaffen soro, aikinta bai sauya ba: ta tsare mutum daga faɗawa tsakanin taragu, ta kare shi daga ruwa, ƙura da ƙara.

Abin da zan bayyana ya dace da aikin makaranta na cikakken girma da kuma koyon gyara. Wanda za a ɗora wa jirgin da ke ɗaukar mutane kuwa, sai injiniyan hukumar jiragen ƙasa ya duba ya sa hannu. Kada wani ya tsallake wannan.

1. Zaɓi irin da za ka yi

Iri uku ne aka fi gani. Akwai mai rabi biyu, kowane tarago da nasa rabin, a bakinsa akwai firam na ƙarfe da sifirin ke turawa har ya manne da na ɗan'uwansa. Akwai na bututun roba masu kauri, ɗaya a sama, biyu a gefe, irin wanda ya yaɗu a Turai. Da an haɗa taragu sai robar ta matse da ta ɗaya gefen. Sai kuma guda ɗaya ɗungurungum, wanda ake ɗaure bakinsa biyu a jikin taragun biyu.

Idan taragun kullum ana raba su ana sake jerawa, mai rabi biyu ko na roba ya fi, don babu kwance-kwance. Mai koyo kuwa ina ba shi shawarar ya fara da guda ɗaya. Ba ya buƙatar sifirin, kuma duk lissafin da ka koya a kansa zai yi maka aiki a sauran. A kansa zan yi bayani.

2. Awo a jikin tarago

Kayan aiki: tef na ƙarfe mai mita 5, igiya da ɗan nauyi a bakinta don gane tsaye, alli, littafi, da mutum na biyu da zai riƙe maka bakin tef.

Ka auna tazarar bangon tarago da bangon ɗaya a wuri huɗu, sama dama, sama hagu, ƙasa dama, ƙasa hagu, taragun suna tsaye a miƙaƙƙen layi. Ka auna faɗi da tsayin ƙofa, da tsayin daɓen kowane tarago daga kan dogo. Ka rubuta tsawon tarago, da nisan da ke tsakanin tsakiyar rukunin ƙafafun gaba da na baya. Sannan ka leƙa ƙasa ka zana inda ƙugiyar haɗi take, da tiyon iskar birki, da wayoyin lantarki, don duk abin da za ka ƙera dole ya bar musu hanya.

Gargaɗi: kada ka shiga tsakanin taragu kan jirgi yana haɗe. A cire shi, a ɗaure birkin hannu, a sa weji a ƙafafu gaba da baya, a kafa jar alama, kuma wanda ke kula da layin ya san kana ciki. Tarago fanko ma yana da nauyin tan da dama, kuma idan ya fara gangarawa ba ka jin motsinsa.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ɗaukar awon wani tarago a ɗora wa wani. Tsohon layin da ya ratsa Kano zuwa Nguru faɗinsa milimita 1,067 ne, sabon layi irin na Abuja zuwa Kaduna kuwa 1,435. Taragunsu ba ɗaya ba ne a faɗi, a tsayi, ko a irin kwanar da suke sha.

3. Lissafin motsi

Nan ne aikin yake, kuma nan ne masu gaggawa ke faɗuwa. Ramin da ka auna jirgi na tsaye ba shi za ka rufe ba. Ramin da zai kasance jirgi na tafiya shi ne naka, kuma wannan yana motsi ta fuska huɗu. Zan ɗauki misali da lambobi masu sauƙi, kai kuma ka sa naka: tarago mita 20, tsakanin rukunin ƙafafu mita 14, tazarar bango santimita 60, faɗin zugazugi mita 1.2. Kwana mafi tsanani kuma mu ce mai mita 100, wato da za ka kafa turke ka ɗaura igiya ka zana kwanar, igiyar mita 100 ce.

Na farko, gaba da baya. Ƙugiyar haɗi tana da abin shanye bugu a bayanta. Idan kan jirgi ya ja, tazara ta ƙaru. Idan aka taka birki, ta ragu. Nemi adadin a takardar ƙugiyar. A misalinmu mu ce santimita 8 kowane ɓangare.

Na biyu, buɗewar kwana. Idan taragu biyu suna cikin kwana, gefen waje yana buɗewa, na ciki yana matsewa, kamar littafin da aka ɗan buɗe. Raba tsawon tarago da girman kwana: 20 a raba da 100 ya ba da 0.2. Ninka wannan da rabin faɗin zugazugi, santimita 60, ka sami 12. Ke nan gefen waje zai ƙaru da santimita 12, na ciki ya ragu da 12. Haɗa da na farko: mafi buɗewa 80, mafi matsewa 40.

Na uku shi ne wanda ke yaga tamfol, kuma shi ne wanda kusan duk ɗalibin da ya kawo mini zanensa ya manta: gocewa gefe. Ƙarshen tarago ya zarce ƙafafunsa, don haka a kwana hancinsa yana leƙawa waje da layi. Lissafinsa: 20 sau 20, a cire 14 sau 14, ya rage 204. Raba da 8 sau 100, ka sami mita 0.255, kusan santimita 25. Idan taragun biyu suna cikin kwana ɗaya, tare suke leƙawa, babu damuwa. Amma a bakin shiga kwana, ɗaya ya leƙa ɗaya bai leƙa ba. Mafi muni kuma inda kwana ta juya dama ta koma hagu nan take, irin wurin canjin layi a cikin tasha: wannan ya leƙa dama, wancan ya leƙa hagu, gocewar ta doshi santimita 50. Abin lura, jirgi a hankali yake bin wurin, amma a nan zugazugi ya fi shan wuya, ba a fili yana sheƙa gudu ba.

Na huɗu, sama da ƙasa. Tarago cike da mutane da buhuna yana zama a kan sifirin ɗinsa, fanko yana ɗagowa, ƙafafun da suka ci kuma suna rage tsayi. Ka auna bambancin idan ka samu dama, ka bar masa wuri.

Yanzu haɗa mafi buɗewa da mafi gocewa. Zana kusurwa a ƙasa da alli, gefe ɗaya 80, ɗaya 50, ka auna karkataccen layin da ya haɗa su: kusan 94 ne. Ƙara masa kashi ɗaya cikin huɗu don kada yadi ya taɓa miƙewa tsaf, ka tsaya a 120. Idan zurfin kowane ninki santimita 10 ne, yana cin yadi 20, shiga da fita. Ninki 6 ke nan, da zoben ƙarfe 5 a tsakaninsu.

Gargaɗi: zugazugi ba ya ja. Ja aikin ƙugiya ne. Duk ranar da yadi ya miƙe har ya ɗauki nauyin tarago, ranar zai rabu biyu.

4. Gwada da kwali kafin ka taɓa ƙarfe

Yanka kwali biyu a matsayin taragu, kowane mita ɗaya ya zama santimita 5. Zana kwanar a daɓen siminti, ka ninke takarda ka manna tsakani, ka tura su. Rabin yini zai ci maka, kuɗinsa bai kai na abincin rana ba, kuma idonka zai ga gocewar nan da lissafi ya faɗa.

5. Sayen kaya, da inda kuɗi ke tafiya

Ƙarfe a Ƙofar Ruwa za ka same shi. Idan tsayin zugazugi mita 2.1 ne, faɗi 1.2, kewayensa mita 6.6 ne. Kana buƙatar firam biyu na ƙarfe mai kusurwa, zobe 5 na siririn ƙarfe ko alminiyom, da falalen ƙarfe na matse bakin yadi. Sandar ƙarfe yawanci mita 6 take zuwa, don haka kowane kewaye ya ɗara sanda ɗaya. Ka lissafa haɗi tun a kasuwa, kada ka dawo sayen guntu. Sai farantin ƙarfe mai ƙuraje na takawa, noti da washa masu yawa, fenti mai hana tsatsa.

Yadi: 6.6 sau 1.2 ya kusa murabba'in mita 8. Sayi 10, saboda kusurwa da ɗinki da faci.

Yadin ne ke cinye mafi yawan kuɗi idan na gaske za a saya, sai farantin ƙasa, sai ladan mai ɗinki. Ƙarfen firam shi ne mai sauƙi. Farashin ƙarfe da tamfol yana bin dala, don haka ka zaga shago uku a rana ɗaya, ka saya gaba ɗaya.

Kamfanonin da suka ƙware a wannan sana'a, irin Hübner na birnin Kassel a Jamus, suna amfani da saƙa mai ƙarfi da aka shafe da roba ta musamman ko silikon. A Turai akwai ƙa'idar EN 16286 kan mahaɗar taragu, da EN 45545 kan gobara a jirgin ƙasa. Ɗalibi ya nemi ya karanta su. Don aikin makaranta, tamfol mai kauri irin na rufin tirela da ake samu a Sabon Gari ya isa.

Gargaɗi: tamfol na robar PVC, irin wannan na rufin tirela, idan ya kama wuta hayaƙinsa guba ne, kuma soro shi ne hanyar gudun mutane daga tarago zuwa tarago. Bai halatta a ɗora shi a jirgin fasinja ba, komai kyan ɗinkinsa. Haka robar tayar mota ko tsohon tiyub: ranar Kano ta watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, takan busar da irin wannan roba ta tsattsage. Wata roba ta musamman da ake kira EPDM ce ke jure rana.

6. Haɗa firam

A shimfiɗaɗɗen wuri za ka yi waldar, kuma firam biyun a kan juna, don su fito daidai. Auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta ta ɓangare biyu. Idan awon bai zo ɗaya ba, firam ya karkace. Kusurwoyin sama ka lanƙwasa su, kada ka bar su da kaifi. Huda ramukan noti tazarar santimita 10 zuwa 15, ka goge duk tsini da ɗigon walda har ka iya shafawa da tafin hannu, sannan fenti.

7. Yanka da ɗinki

Nemi mai ɗinkin tamfol ko kujerun mota mai babban keke, ka zauna tare da shi. Kada ka aika yaro da takarda. Zaren ya zama na roba mai kauri, ɗinki layi biyu, kuma kowane haɗi a sama ya hau na ƙasa kamar jerin kwanon rufi, don ruwa ya gangara waje. A ƙoƙon kowane ninki a ɗinka aljihu da zoben ƙarfe zai shiga.

Kusurwa ita ce gwajin gwani. Na farko da na yi, na ɗauko yadi ɗaya na lanƙwasa shi ya zagaye kusurwa, ya yi kyau a ido. Wani dattijo da ya ƙare aikinsa a gyaran taragu ya zo ya sa babban yatsa a wurin ya danna, ya ce, "Ɗana, nan zai fara." Na ce, "Baba, ai ninki biyu na yi." Ya ce in ja firam ɗin gefe. Da na ja, sai ga yadin ya tattare a ciki ya yi fari a waje, zare na ƙara. Gefe yana motsi wata fuska, rufi yana motsi wata, kusurwa ce ke shan duka biyun. Tun ranar nake yanka kusurwa daban, yanki-yanki kamar ɓarin lemo, da ɗan rarar yadi, in lulluɓe ta da faci ta ciki.

A ƙasan kowane ninki ka huda ramin fitar ruwa, ka sa masa zoben ido. Ruwan watan Agusta idan ya kwanta a ninki ya gamu da ƙurar da hunturu ya tara, laka ce, kuma laka tana cin zare tana cin ƙarfe.

8. Farantin takawa

Yadi idan ya yage, ruwa ne zai shigo. Faranti idan ya gaza, ƙafar mutum ce. Don haka a nan nake so ka fi ɓata lokaci.

Ana ɗaure farantin da hinji a bakin daɓen tarago ɗaya, bakinsa kuma ya kwanta a kan farantin ɗaya taragon yana zamewa. Ko kusa kada ka ɗaure shi ta ɓangare biyu. Tsawonsa ya zama ko a mafi buɗewa, wato 80 a misalinmu, akwai aƙalla tafin hannu guda da ke kwance a kan ɗan'uwansa. A mafi matsewa kuma bakinsa bai daki bango ba. Bakin da ke zamewa a zagaye shi kamar baka, don faranti mai kusurwa huɗu yana sukar yadi idan aka shiga kwana. A fiƙe bakin ya kwanta, kada ya zama tudun tuntuɓe. A ƙarƙashinsa a sa falalen roba mai tauri ko nailan da za a iya sauyawa idan ya ci, maimakon ƙarfe ya ci ƙarfe.

Sannan ka durƙusa ka dubi wurin da idon masu ratsawa. Tsohuwa mai silifa da zani har ƙasa. Uwa da goyo, hannu ɗaya riƙe da yaro, ɗaya da kwanon abinci, ba ta ganin inda take takawa. Yaro ɗan shekara uku da yatsun ƙafarsa ba su fi gyaɗa ba. Duk ramin da yatsanka zai shiga, a gefen faranti ko bakin hinji, tasa ƙafar za ta shiga, kuma ramin da ke buɗe yanzu zai rufe da an taka birki. Rufe gefe da siket na roba. Sa marikin hannu a jikin kowane tarago, a wurin da hannu ba zai kai ga ninki ba, don mutum idan jirgi ya girgiza shi abin da ya samu yake cafka.

Gwada ƙarfinsa da buhunan yashi masu nauyin manyan mutane uku ko huɗu a tsakiya. Idan ya lotsa har bakinsa ya ɗaga, ƙara masa haƙarƙari a ƙasa.

9. Ɗorawa

Mutum huɗu, da igiya ko ƙaramin abin ɗaga kaya. Sa robar toshe ruwa tsakanin firam da bango. Fara da noti biyu na sama, sake-sake, ka duba tsaye da igiyarka, sannan sauran, kana ɗaurewa daga tsakiya zuwa gefe. Ka gama ɓangare ɗaya kafin ɗaya. Idan tsakiyar rufin tana lotsawa, rataye zoben tsakiya da waya ko sifirin daga saman taragun biyu. Faranti shi ne na ƙarshe.

Gargaɗi: kada kowa ya sa yatsa cikin ninki lokacin da ake jawo firam na biyu. Kuma kada a shafa wa robar EPDM baƙin mai ko giris na mota, yana kumbura ta ya lalata ta. Giris na hinji ne kawai. Roba kuwa man silikon.

10. Gwaji, da abin da za a riƙa dubawa

Ɗalibi ya kafa firam ɗaya a bango, ɗaya a kan katako mai taya, ya zana 40, 80 da 50 a ƙasa, ya kai shi kowace iyaka sau da yawa, wani yana ciki yana kallon kusurwoyi da bakin faranti. A kan tarago kuwa, a tura su a hankali ta mafi tsananin canjin layi a tasha, ba kowa a cikin soron, masu kallo suna tsaye a gefe. Bayan haka a zuba ruwa da tiyo ta sama minti goma. Da dare a kunna tocila a ciki a zagaya waje: duk inda haske ya fito, ƙura za ta shiga.

Bayan makon farko a sake bin noti duka, don yadi yana kwanciya su saki. Daga nan, duk wata a buɗe ninki a share ƙasa da buroshi, a zura waya a ramukan ruwa, a duba kusurwoyin sama da robar ƙarƙashin faranti. Lokacin hunturu a mayar da sharar duk mako biyu, kuma a yi babban dubawa a watan Mayu kafin ruwa ya sauka. Yagewar da ba ta kai tsawon yatsa ba ana yi mata faci ciki da waje. Wadda ta kai ga zobe ko ta bi layin ɗinki, a kulle ƙofofin soron biyu, a sauke zugazugin a kai wa mai ɗinki.